Ƙashin da Ruwa Ya Bari a Gulma

Tun da na dawo daga Kebbi ban samu sukuni a wurin aiki ba. Duk wadda ta gamu da ni a baranda sai ta tare ni: "Rabi, yaya sabuwar jiha? Wai da gaske an kama ki da kan mutum a akwati?" Na ba da labarin a ofis, na ba da shi a gidan suna, har ya fara zagayowa yana dawo mini da ƙarin da ban san da shi ba, wai na kwana a bayan kanta. Ban kwana ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya huta, ni ma bakina ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutuniyar Funtuwa ce, aiki ya zaunar da ni a Zariya, inda nake koya wa ɗaliban asibiti sassan jikin ɗan Adam. Ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba aka shirya wa wasu 'yan sanda da ma'aikatan kotu ɗan gajeren kwas a Birnin Kebbi, kan yadda ake karanta tabon jini da yadda ake gane ƙashin mutum. Likitan da ya kamata ya je ya ji an ce bazara ce, sai ya tuna yana da uzuri. Aka turo ni. Kayan aikina akwati ɗaya ne na katako, a ciki akwai ƙwarangwal na koyarwa da aka kwance gaɓa-gaɓa, da ƙashin ƙugu guda biyu, na namiji da na mace. Roba ce zalla, amma wanda ya ƙera ta ya iya aikinsa.

Daga Zariya zuwa Sakkwato babu abin faɗi, ban da faci da muka yi bayan Gusau da wata mata da ta yi barci a kafaɗata har Mafara. Na kwana gidan wata ƙawata, da safe na nufi tasha. Motar Birnin Kebbi cike take da ma'aikatan gwamnati da aka mayar jiharsu, kowa da katifa naɗe da fanka a cinya. Ɗan kamasho ya ɗaga akwatina ya ce, "Hajiya, mi na ciki?" Na ce kayan koyarwa ne, kuma ban yi ƙarya ba.

A kan iyakar jihohin biyu an kafa sabon allo, fentinsa ko bushewa bai gama yi ba, ga shingen 'yan sanda a gindinsa. Wani kurtu ya zagaya motar, ya tsallake katifu da buhuna, idonsa ya sauka kan akwatin. Na ce masa ya bari in yi bayani tukuna. Ya ce bayani bayan buɗewa. To, ya buɗe. Ƙoƙon kan ne a sama, yana kallonsa da haƙora a waje.

Ban taɓa ganin mota ta zazzage mutane da sauri irin haka ba. Wani dattijo mai fataucin albasa, wanda tun daga Sakkwato yake ba ni goro yana kirana ɗiyata, ya koma can gefen titi yana salati, ya ce shi ko kyauta ba zai sake shiga motar ba. Raina ya ɓaci, don na tsani a yi mini kallon mayya. Na ɗauki ƙoƙon kan, na ƙwanƙwasa shi da makulli, na ce su saurara, ƙashi ba ya irin wannan ƙarar. Babu wanda ya matso ya saurara.

Sai ga wani sajan ya fito daga rumfa, dogo, baƙi, furfura ta fara taɓa masa gemu. Ya dubi akwatin ya dube ni.

"Ke ta malamar da anka ce za ta zaka daga Zariya?"

Na ce ni ce.

"Ni na Sajan Manu. Ina cikin waɗanda za ki karantar." Ya juya ga kurtun. "Ruhe mata kayanta."

Da yake aikinsa na shingen ya ƙare a ranar, sai ya shigo motarmu, kuma ganin ya zauna kusa da akwatin ne ya sa mai albasa ya dawo. A Argungu direba ya tsaya shan mai. Sajan ya saya mini soyayyen kifi a takarda, muka tsaya a inuwa. Na lura tun a hanya akwai magana a bakinsa.

"Malama, ƙashi shina hwaɗin mai shi?"

Na ce wani lokaci yakan faɗa.

"Ko ya daɗe cikin ruwa?"

Nan ya ba ni labari. Su mutanen Gulma ne. Ƙanensa Arzika masunci ne, ya fita da jirginsa lokacin da gulbi ya yi ambaliya, damina biyu ke nan. An tsinci jirgin a cikin ciyawa, shi ba a gan shi ba. Ya bar mata, Kulu, da yara biyu. Da aka je gaban alƙali ya ce tunda ba gawa ba shaida, hukuncin wanda ya ɓata ne: sai ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba, sannan a yi maganar gado ko wani aure. Gonar shinkafarsa tana nan ba a raba ba, ita kuma tana zaune a ɗakinsa. Ba za a kira ta matar aure ba, ba za a yi mata ta'aziyya ba.

"Don haka ni roƙi a sa ni cikin kwas ɗin ga," in ji shi. "Kullum ruwa ya janye sai in bi gaɓa ina dubawa. Ko na ishe wani abu, ban san mi za ni duba ba."

Na ce masa Allah ya bayyana. Kifin ma kasa cinye shi na yi.

A Birnin Kebbi masauki ya zama aiki. Gidan saukar baƙi na gwamnati ya cika da manyan ma'aikata, har a baranda an shimfiɗa katifu, wani ofishin ma a ƙarƙashin bishiya na gan shi, da teburinsa da masinjansa. Kabu-kabu biyu muka ɗauka, wato 'yan acaɓa, ni a ɗaya, akwatin a ɗaya, Sajan ya kai ni wani gidan malamai a cikin gari, wurin wata gwaggonsa da ake kira Inna Hajo. Tana jin ni Bakatsiniya ce ta tafa hannu.

"Ashe baiwa anka kawo muna. Maraba. Ga tsintsiya can."

Na ce mata a iya sanina Kabawa ne bayinmu, kuma na zo duba lafiyarsu ne. Daga nan muka ƙulle. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su, amma a Zariya ban cika samun wanda zan yi da shi ba, sai na ji kamar gida na zo. Abinci kuwa, mu da muka saba da tuwon masara, sai mu ɗauka shinkafa ta ranar biki ce. Can tuwon shinkafa ne safe da yamma, kifi a miya, kifi a dambu, busasshen kifi a hannun yara kamar gyaɗa. Ta ba ni hoce, wani gasasshen abincin garin dawa mai tauri, da nono, na ce mata wannan a garinmu jifa ake yi da shi. Ta ce ai haƙoran Katsinawa ne ba su da ƙwari.

Da na gaya mata abin da ke cikin akwatin ba ta firgita ba ko kaɗan. Sai dai ta ce ko na roba ne siffar mutum ce, ba zai kwana a ɗakin da ake salla ba. Aka kai shi ɗakin ajiyar albasa. Har muka gama kwas, duk wanda ya ɗauki ƙashin nan a aji sai ya shaƙi albasa.

Ajin namu aron wata makarantar firamare ne, ƙartin maza sun matse kan bencin yara, gwiwoyi a sama. Ranar farko da na ce za mu yi aiki da jini na gaske, sai wani magatakardan kotu ya ɗaga hannu.

"Malama, jini najasa na. In ya taɓa muna tuhwahi, da mi za mu yi Azahar? Mi zai hana a yi da zoɓo?"

Aji ya goyi bayansa. Ban yi musu ba, na aika aka sayo zoɓo, na ɗiga shi a kan takardar siminti, ya bazu ya tsotse kamar ruwan wanki. Na ce to ku karanta mini wannan. Aka yi dariya, muka daidaita: darasin jini da hantsi, kowa ya zo da tsohuwar riga, a gama a wanke kafin kiran salla. Ni a asibitinmu ban taɓa tunanin wannan ba, farar riga muke ɗorawa mu wuce, kuma na ga gaskiyarsu.

Jinin kuwa daga kwata muke samowa. Na farko kafin a iso da shi ya daskare ya zama kamar hanta, don na ba mahaucin maganin hana daskarewa ya zuba a kwano, shi kuma ya ajiye shi a aljihu don kada ya ɓata. Washegari da kaina na je na tsaya a kansa. Muka shimfiɗa takardu, muka ɗiga daga tsayin gwiwa, daga tsayin kafaɗa, suka ga yadda ɗigon da ya faɗo daga sama yake yin ƙayoyi a gefe. Muka jingina allo, suka ga ɗigo ya yi wutsiya, wutsiyar kuma tana nuna inda jinin ya nufa. Wani kofur ya tsoma sanda ya kaɗa don a ga yadda jini ke fantsama daga makami, ya fesa wa magatakardan nan a wuya. Muka shanya takardun a waje, akuyar maigadi ta cinye mana rabin darasi.

Da muka koma kan ƙashi sai Sajan Manu ya dawo bencin gaba. Na nuna musu ƙugu biyun. Na mace faɗi gare shi, saboda haihuwa, kuma a bayansa akwai wani lungu da in ka sa babban yatsa zai yi yawo a ciki. Na namiji lungun a matse yake, yatsa cika shi yake yi. Na nuna musu goshi da muƙamuƙi, da yadda ramin haƙori ke shafewa in mutum ya rasa haƙorin tun yana da rai, da yadda tsohuwar karaya ke barin ƙulli. Sauran sukan taɓa su miƙa wa na kusa. Shi sai ya rufe ido ya sa yatsa, ya canza, ya sake, har sai na ce a tashi. Ban taɓa samun ɗalibi irinsa ba, kuma sanin dalilinsa ya sa ban ji daɗin hakan yadda ya kamata ba.

Ana saura kaɗan mu gama, wata safiya ina karyawa Inna Hajo ta leƙo ta ce Manu na zaure. Na same shi a tsaye, hularsa a hannu. Masu noman albasa a fadamar Gulma suna haƙa ramin ban ruwa sun ci karo da ƙasusuwa, ba nisa da inda aka tsinci jirgin. Gari ya riga ya yanke cewa Arzika ne. Maigari ya ce ba za a bar ɗan Adam a tabarma ba, bayan Azahar za a rufe. Sufeton da ke shugabantarsu ya ba da motar ofis, ya ce in na yarda in je in duba.

Muka bar kwalta muka shiga fadama, ko'ina koren albasa da mutane a duƙe. Can garin ya fara bayyana.

"Malama," in ji Sajan, bai dube ni ba. "In kin ga abin da shakka, ki bari shakkar ta taimaki Kulu. Kalma guda ta. Liman da maigari sun ji, alƙali ya karɓa, yarinyar ga ta huta."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ban baro Zariya da akwati a ka don in koya masa ƙarya ba, kuma in Arzika ya dawo wata rana ya tarar an raba gonarsa an aurar da matarsa, wa zai tsaya gabansa? Ya ce hakanan ne. Da na huce sai tausayinsa ya kama ni, don na san ba don kansa ya roƙa ba.

A zauren maigari aka ajiye su, a kan tabarma, an rufa farin ƙyalle. Maza sun cika zauren. Da suka ga mace ta shigo sai aka fara gyaran murya, amma liman, wani ɗan tsoho mai sanyin magana, ya ce a ba malama wuri. Na yi bisimilla na yaye ƙyallen. Ba duka aka samu ba: ƙoƙon kai da muƙamuƙi, ƙashin cinya, 'yan haƙarƙari, da ɓari ɗaya na ƙugu, duk sun yi jajaja da laka. Kallo ɗaya na yi wa ƙugun na gane.

Na ciro safar hannu na miƙa wa Sajan. Na ga ya fi kyau ya gani da kansa, kada ya rayu yana cewa wata baƙuwa ce ta hana.

Ya durƙusa, ya ɗauki ƙugun, ya share lakar a hankali. Ya sa babban yatsansa a lungun. Yatsan ya yi yawo. Ya cire, ya sake sawa. Sannan ya ɗauki muƙamuƙin ya juya shi, babu haƙori ko ɗaya a baya, ramukan duk sun shafe sumul. Arzika kuwa ko arba'in bai kai ba. Ya daɗe a durƙushe.

"Manu, mi kag gani?" in ji maigari.

"Ba shi na ba." Ya ajiye muƙamuƙin. "Mace ta. Tsohuwa."

Aka juyo gare ni, na ce abin da ya faɗa shi ne. Wani daga baya ya fara cewa ta yaya za a san mace a ƙashi, Sajan ya ɗaga ƙugun ya nuna masa, da irin kalmomin da na yi musu a aji. Liman ya ce ba abin mamaki ba ne, in gulbi ya cika yakan ci tsofaffin makwantai na garuruwan da ke gaba, ya kwaso bayin Allah ya sauke inda ya ga dama. Ya ce ƙashi ba a yi masa wanka, naɗewa za a yi a rufe. Sai ya dubi mazan da suka riga suka naɗe hannun riga.

"Tunda mace ta, ku janye. Aikin mata na. A kai ta cikin gida."

Ni na ɗauki tabarmar, don babu wata mace a zauren. Sajan ya yi mini jagora har ƙofar gidansu, ya tsaya a nan, ya ce ba zai iya shiga ba.

Tsakar gidan cike da mata, an shimfiɗa tabarmi, ana ta shigowa da gaisuwa. A tsakiya ga wata siririyar yarinya, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, lulluɓe da tsohon zane, ba kwalli, kunnuwanta babu komai. Ba sai an gaya mini ita ce Kulu ba. Tun da labari ya iso da safe tsofaffin gidan suka cire mata 'yan kunne da warwaro, ta shiga takaba. A gefenta ga sabon likkafani a ninke. Abin da ya fi taɓa ni shi ne fuskarta a kwance take, irin ta wanda ya sauke kaya.

Na durƙusa gabanta na gaya mata. Ban iya Kabanci ba, amma ta gane. Wata tsohuwa ta fara salati, wata ta ce wace irin magana ce wannan. Kulu ba ta yi kuka ba. Ta dubi tabarmar da ke hannuna.

"Kin tabbata, Malama?"

Na ce na tabbata, kuma yayan mijinta ma ya gani da hannunsa.

"To ita wagga, ɗiyar wa ta? Wa ad da ita?"

Na ce ban sani ba, ƙashi bai faɗi wannan ba.

Sannan ta jawo likkafanin ta warware shi a kan tabarma. Wata daga cikin tsofaffin ta ce ai na Arzika ne, a nemo wani ƙyalle. Kulu ta ce wannan ne a kusa. Ni da ita muka jera ƙasusuwan, ina nuna mata wanda ke bin wani, kai a sama, haƙarƙari, ƙugu, cinya. Ta naɗe, ta ɗaure, aka miƙa wa maza a bakin ƙofa, suka tafi da ita.

Na sha koyar da ƙashi, kuma kullum ina alfahari da cewa ba ya ƙarya. Ran nan na yi baƙin cikin gaskiyarsa, ban kuma ji kunyar hakan ba.

Masu gaisuwa suka fara naɗe tabarmi suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, don babu wanda ya san abin da ake ce wa mutum a irin wannan. Da gidan ya rage sai uwar mijinta ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan ƙullin tsumma, ta kwance, ta miƙa mata ba tare da ta dube ta ba. 'Yan kunnen ne. Kulu ta riƙe su a tafin hannu ɗan lokaci. Ta laluba ta sa na dama, ta sa na hagu, sannan ta tashi ta ce bari ta ɗora tukunya, baƙuwa ba ta ci komai ba.